Bututun Gas Ta Sahara: Mutanen Kan Iyaka Su Yi Maraba Ko Su Yi Hattara?

Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya ja layi daga Kano zuwa Agadas zai ga layin ya ratsa ƙasar Daura, ko ya bi ta gefenta, kafin ya faɗa Damagaram. Shi ya sa maganar bututun iskar gas da Najeriya da Nijar da Aljeriya suke son binnewa a ƙarƙashin Sahara ta shafi mutanen Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, ko da yake a Abuja da Yamai da birnin Aljiyas ake zama a kanta.

Ga yadda shirin yake. Za a ɗauko gas daga yankin Warri, a hau da shi Arewa, a ƙetare Nijar, a sauke shi a Hassi R'Mel, babbar matattarar gas ta Aljeriya, inda ake tura shi Italiya da Sifen ta ƙarƙashin Bahar Rum. Tsawon tafiyar ya haura kilomita 4,000, an tsara bututun ya ɗauki kiyubik mita biliyan 30 a shekara, kuma an daɗe ana ƙiyasta kuɗinsa a kan dala biliyan 13. Kamfanin NNPC da Sonatrach na Aljeriya sun sa hannu a takardar fahimtar juna a 2002. Ƙasashen uku sun ƙulla yarjejeniya a Abuja a Yulin 2009, suka sabunta alkawari a Yulin 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da Turai neman gas, sannan a Fabrairun 2025 suka sake sa hannu don a sabunta binciken aikin. Ɓangaren da ido ke gani a Najeriya shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda ake kira AKK, mai tsawon kilomita 614, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a ƙarshen Yunin 2020. Daga Kano za a ɗora a nufi iyaka.

Mutane masu hankali sun rabu gida biyu. Wasu na cewa wannan bututu shi ne zai fitar da Arewa da kudancin Nijar daga duhu. Wasu na cewa ɗaure wutar gidanka da siyasar maƙwabci ganganci ne. Kowanne ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurare ta har ƙarshe.

Hujjar masu cewa a shimfiɗa

Sun fara da wutar lantarki. Yawancin tashoshin da ke ƙona gas su samar da wuta a Najeriya suna Kudu, kusa da rijiyoyi. Wutar da ke zuwa Kano da Katsina da Daura tana yin doguwar tafiya a kan turakun ƙarfe da ke tsaye a daji. A Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ke taimaka masa kuma ya samu matsala, jihohin Arewa da yawa sun shafe fiye da mako guda babu wuta. Mai walda ya rufe shago, mai ƙanƙara ya zubar da jari, asibitoci suka koma kan janareto da man da ya yi tsada tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Idan gas ya iso Arewa, tashoshin da aka tsara ginawa a Abuja da Kaduna da Kano za su samar da wuta a kusa da mai amfani da ita. Masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda tsadar makamashi na cikin abin da ya durƙusar da su, za su sami dalilin sake buɗe ƙofa. Ɗan Zango da ke tafiya cirani Legas ko Fatakwal zai iya samun aiki a Kano, ya riƙa kwana gida ranar Juma'a.

Hujja ta biyu ta manomi ce. Takin yuriya da gas ake yin sa. Manyan masana'antunsa, ta Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme, duk suna bakin teku. Buhun da zai sauka a kasuwar Zango sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a kan tirela, kuma kuɗin dizal da na shingayen hanya duk a kan manomi suke ƙarewa. Ƙasarmu jigawa ce, ta gaji, gero da dawa ba sa yin abin kirki sai da taki. Masana'antar taki guda ɗaya a Kano ko Katsina za ta taɓa rumbun kowane gida daga nan har Matamaye da Magarya.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi, kuma ita ce ƙashin bayan maganarsu. Banki ba ya ba da bashin biliyoyin daloli sai ya ga mai saye da ya ɗaure kansa da kwangilar shekaru masu yawa. Kasuwar Katsina da Maraɗi da Damagaram ita kaɗai, a yadda take yau, da wuya ta ja babban bututu ya wuce Kano. Mai saye na Turai shi ne zai biya kuɗin uwar bututu, mu kuma mu sami rassa. Najeriya tana da ajiyar gas da ta haura kiyubik ƙafa tiriliyan 200, mafi girma a Afirka, kuma har yau ana ƙona wani ɓangare nasa a sararin sama a yankin Neja Dalta saboda babu hanyar kai shi kasuwa. Dukiya tana ci da wuta a Kudu, mu a nan muna sare itatuwan da suka rage mana tsakaninmu da hamada.

Sun kuma ce a dubi abokin takara. Akwai wani bututun da Najeriya da Maroko suka amince da shi a Disambar 2016, wanda zai bi gaɓar tekun Atilantika ta ƙasashe 13, tsawon kimanin kilomita 5,600, a kan kuɗi kusan dala biliyan 25. Idan shi ya rigaya, gas zai fita ta bakin teku, Arewa ta tsaya kallo. Na Sahara ya fi gajarta, ƙasashe uku kawai ya shafa, kuma ta ƙofar gidanmu zai bi.

Daga ƙarshe sun kawo zumunci. Shekaru da yawa Najeriya tana sayar wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da layin Katsina zuwa Gazawa, wanda ke haskaka Maraɗi da Damagaram. An fahimci cewa hakan yana da nasaba da ruwan kogin Kwara da ke gangarowa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968: ku bar mana ruwa, mu ba ku wuta. A ganinsu, ƙasashen da suka haɗa tukunya sukan yi tunani sau biyu kafin su yi faɗa. Nijar za ta sami kuɗin ratse da gas na kanta, don haka za ta tsare bututun kamar nata.

Hujjar masu cewa a yi hattara

Su kuma da wannan misalin na wuta suka fara, domin a wajensu shi ne ya rushe hujjar zumunci. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar. Cikin 'yan kwanaki, a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba sojojin da suka yi juyin mulki ne suka kwana a zafi ba. Majinyata ne a asibitin Damagaram, da teloli a Maraɗi, da dangin mutanen Zango da ke hayin iyaka. Sai a farkon 2024 aka ɗage takunkumin. Mu da hannunmu muka koya wa maƙwabci cewa makamashi makami ne. Idan gobe bakin famfon gas ɗinmu yana hannunsa, da wane ido za mu roƙe shi kada ya murɗa?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2024 Benin ta hana lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme saboda rikicin rufe iyaka, bayan an kashe maƙudan kuɗi an shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem. Aljeriya da kanta, wadda za ta riƙe ƙarshen namu bututun, ta daina tura gas ta bututun da ke ratsa Maroko zuwa Sifen a ƙarshen Oktoban 2021, bayan ta yanke hulɗa da Maroko. A Afrilun 2025, wata biyu kacal bayan sa hannun Fabrairu, Nijar ta janye jakadanta daga Aljeriya saboda jirgin Mali marar matuƙi da Aljeriya ta harbo. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Turai kuwa ta ga abin da dogaro da gas ɗin Rasha ya jawo mata a 2022. Bututu ba ya canza hanya. Jirgin ruwa mai ɗauke da gas daga Bonny yana iya juya akala zuwa wata kasuwa idan an rufe masa wannan, amma ƙarfen da aka binne yana nan inda aka binne shi, a hannun duk wanda ke mulkin ƙasar da ke samansa.

Sai tsaro. A Janairun 2013 'yan ta'adda suka kai hari cibiyar gas ta In Amenas a Aljeriya, mutane da dama suka mutu. A Yunin 2024 'yan tawaye suka fasa bututun man Nijar. Hatta bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678 daga Legas zuwa Gana, wanda ke kwance a ƙarƙashin teku, ƙugiyar wani jirgi ta yanke shi a gaɓar Lome a Agustan 2012, ya shafe kusan shekara a rufe, Gana ta sha ɗauke wuta. Idan haka ta faru a teku, ina ga dubban kilomitoci na hamada? Akwai kuma tsoron da ya fi kusa da mu. Ƙasar Daura ta samu sauƙin ta'asar 'yan bindiga da ta addabi yammaci da kudancin jihar Katsina. Kadara mai tsada tana jawo idon ɓarawo, ta jawo shingayen jami'an tsaro, kuma mutumin kan iyaka ya san ma'anar shinge. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun ga umarnin da ya hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya bar mai babur da mai injin ban ruwa a hannun 'yan bumburutu. A Abuja ake yanke hukunci, a Kwangwalam da Zango ake ɗanɗana shi.

Hujjarsu ta uku ta fi kowacce nauyi: bututu yana iya wucewa ta gonarka ba tare da ka ga amfaninsa ba. Gas ɗin da ke gudu a babban bututu yana da matsi mai tsanani. Kafin gari ya amfana sai an gina tashar rage matsi, an ja ƙananan bututai, an samu masana'anta ko tashar wuta da za ta sha. Sannan wannan gas daban yake da na tukunyar girki da ake cikawa a gidan mai, don haka matar da ke hura icce a Yardaje ko Rogogo ba za ta huta ba don kawai an binne ƙarfe a bayan gari. Ƙauyuka nawa ne manyan wayoyin wuta suka bi ta kansu, su kuma suna kunna tocila? Bugu da ƙari, tashoshin wutar Najeriya da ke kusa da rijiyoyi ma suna yawan tsayawa saboda ƙarancin gas da bashin da masu samar da shi ke bin su. Gana ta daɗe tana kukan cewa abin da ke isa gare ta bai kai yadda aka yi alkawari ba. Ranar da gas ya yi ƙaranci, kamfani zai zaɓa tsakanin mai biya da dala a kan kari da mai biya da naira a makare. Kowa ya san wanda zai zaɓa.

Ta huɗu, mai sayen yana shirin tashi. Tarayyar Turai ta ɗaura aniyar kawar da hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2050, kuma tana sayen gas ta jiragen ruwa daga Amurka da Katar. Irin wannan bututu sai ya yi shekaru 20 ko fiye yana aiki kafin ya mayar da kuɗinsa. Idan an gama shi a makare, bashin zai rage a wuyan jikokinmu. Su kuma alkawura mun saba jin su: a 2018 Najeriya da Nijar suka amince a gina matatar mai a jihar Katsina da bututun da zai kawo mata ɗanyen man Nijar. Shi kansa AKK an ce za a gama shi cikin shekara biyu.

Ta biyar ita ce ƙasa. Bututu yana buƙatar fili da ba a gini a kansa, ba a dasa itace. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fi mayar da diyya kan amfanin gona da gini, kuma gonar gado a wurinmu ta wuce kuɗin geron damina ɗaya. Idan layin ya yanke burtali, sabon rikici ne tsakanin manomi da makiyayi.

Awo

Da na auna, sai na ga ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke kallo ba. Masu goyon baya suna kallon gas ɗin da zai tsaya a Arewa. Masu adawa suna kallon gas ɗin da zai wuce Turai. Wuta da taki da farfaɗo da masana'antu, duka ukun AKK ne zai kawo su, tare da bututan Kudu da za su ciyar da shi, irin su OB3. Babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran a ratsa Sahara. Haɗarin siyasa da na tsaro da na kasuwa kuwa yana ƙaruwa ne da kowace kilomita da aka yi arewa da Damagaram.

Hujjar kuɗi ta masu goyon baya gaskiya ce, ban raina ta ba: babban mai saye yana sauƙaƙa bashi. Sai dai reshe ba ya tsirowa da kansa. Idan ba a rubuta shi a kwangila tun farko ba, injiniya zai ja layi mafi gajarta ya wuce. Hujjar masu adawa game da 2023 ita ma gaskiya ce, amma darasinta bai ce a raba gari da Nijar ba. Babu yadda za mu raba: fetur ɗin matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011 yana shigowa nan, wutarmu tana zuwa can, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura ana kan aikinsa, aure da kasuwa kuma sun riga kowace gwamnati. Dogaro da juna ya riga ya tabbata. Abin da ya rage shi ne a sa masa ƙa'ida.

Matsayata ita ce a shimfiɗa, amma daki-daki, kuma da sharuɗɗa a rubuce.

Da farko a kammala AKK, a ga gas ya kunna tasha a Kano, ya kunna masana'anta. Ƙasar da ba ta ƙosar da gidanta ba, ba ta da hurumin yi wa Turai alkawarin kiyubik mita biliyan 30. Bayan nan a miƙa shi zuwa Katsina da ƙasar Daura, a ƙetara da shi Maraɗi da Damagaram a matsayin bututun yanki, inda jama'a suke da yawa kuma inda kowane ɓangare zai ga amfaninsa da idonsa. Sai wannan ya zauna da gindinsa, kuma mai saye na Turai ya sa hannu da kuɗinsa, kafin a tunkari hamada.

A cikin yarjejeniyar a fayyace kason da za a sauke a Arewa da kudancin Nijar, da wuraren da za a gina tashoshin rage matsi, kuma a ce idan gas ya yi ƙaranci ba kason gida za a fara yankewa ba. A rubuta cewa wuta da gas ba sa shiga takunkumin siyasa, ko wa ke mulki a Abuja ko Yamai, kuma Najeriya ce ya kamata ta fara furta haka tunda ita ta fara yankewa. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, a ba ta haƙoran sasanta irin wannan saɓani. A kuma tuna cewa a Agustan 2023, lokacin da ƙofofin diflomasiyya suka toshe, Muhammadu Sanusi na Biyu tare da Sarkin Damagaram, da tawagar malaman Najeriya, su ne suka samu ganin jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani. Masarautar Daura da ta Damagaram suna da muryar da ake ji a ɓangarorin biyu, bai kamata sai rana ta ɓaci a neme su ba.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanonin haƙo mai don al'ummomin da ake aiki a yankunansu. Garuruwan da bututu zai ratsa su ma a yi musu irin wannan tanadi a fili, a biya diyyar gona kafin a sa katafila, a zauna da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo kan burtali. Babu rundunar da za ta iya tsare kilomita 4,000. Mutumin da asibitin garinsu ke samun wuta daga bututu shi ne zai kai rahoto idan ya ga baƙo da shebur da dare.

Kuma kada jiran gas ya hana mu abin da ke hannu. Rana muna da ita a wadace. Rijiyar burtsatse da ɗakin haihuwa da makarantar ƙauye suna iya samun wutar sola a wannan shekarar, da kuɗin da bai kai na kilomita kaɗan na bututu ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da na jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, su nemi a nuna musu taswirar hanya da kason gida tun yanzu, su kai buƙatunsu a rubuce ga NNPC da ma'aikatar da ke kula da gas. Lokacin ciniki shi ne kafin a sa hannu. Idan muka bari sai masu awo sun kafa turaku a gonakinmu, abin da zai rage mana shi ne jayayya kan kuɗin diyya.